Kajin Gida: Inda Maganin Gargajiya Ke Ci da Inda Ba Ya Ci



Shugaban taro, masu girma iyayen ƙasa, malaman gona da na dabbobi, da iyayena mata waɗanda na ga ku kuka fi yawa a zauren nan, ina yi wa kowa barka da zuwa. Yawan naku bai ba ni mamaki ba. A galibin gidajenmu sa da rago na maigida ne, kaza kuwa ta uwargida ce da yara. Ita ake kamawa a kai kasuwa in yaro ya kwana da zazzaɓi, ita ake yanka wa baƙo, kuɗin ƙwanta ke sayen gishiri da sabulu. Idan ciwo ya share akurki, asarar ba ta shiga littafin kowace ma'aikata, amma mai ɗaki ta san abin da ya same ta.

An nemi in yi magana kan magungunan gida da ake yi wa kaji, na ƙwari da na ciwon numfashi. Bari in faɗi matsayina tun yanzu. Magungunan da muka gada suna da ƙarfi, an ma gwada wasunsu a ɗakunan bincike an tabbatar. Sai dai yawancin ƙarfin nan a jikin akurki yake aiki, da ƙasar tsakar gida, da fatar kaza. Abin da muke jiƙawa mu zuba a kaskon ruwa, wanda shi muka fi ba gaskiya, shi ne mafi rauni a cikinsu. Sannan akwai cuta guda, wadda ta fi kowace kashe mana kaji, da babu saiwa ko ɓawo ko ganyen da ke taɓa ta. Zan zo kanta.

Mu fara da ƙwarin jiki, tunda nan hannunmu ya fi kaiwa. Mace takan ce da ni, "Malam, kajina na ci amma ba sa ƙiba, zanko ya koɗe, ƙwai ya tsaya, kuma da magariba sai na yi ta kora kafin su shiga akurki." Wannan na ƙarshen shi ne babbar shaida. Kazar da ta saba shiga ɗakinta da ƙafarta, ran da ta gwammace kan katanga ko reshen bishiya, to wani abu na cin ta a ciki. In kun duba da rana ba abin da za ku gani. Ku bari sai bayan isha'i, ku ɗauki tocila da farin ƙyalle, ku goga ƙyallen a ƙarƙashin sandar da suke kwana a kai da kuma bakin tsagar bango. Za ku ga jirwayen jini a jikinsa. In kuka haska sosai za ku ga wasu 'yan mitsi-mitsin halittu, ko rabin ƙwayar gero ba su kai ba, suna ta yawo. Waɗanda suka sha jini jajaye ne, waɗanda ba su sha ba tukuna ruwan toka.

A bakinmu duk ƙuma ce, amma ba iri ɗaya ba ne, kuma sai an san inda kowanne ke kwana ake sanin inda za a sa magani. Wannan ja ɗin da na kwatanta ba a jikin kaza take zaune ba. Da dare take fitowa ta sha jini, kafin gari ya waye ta koma tsaga. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa uwar da za ta yi nata ƙwan, mako ɗaya ya ishe ta. Kaza kuwa kwana 21 take kwanci, ke nan kafin ta ƙyanƙyashe, ƙumar da ta tarar a gurbin ta ga jikoki. Shi ya sa za ku ga kaza ta tashi daga kan ƙwai saura 'yan kwanaki, a ce ba ta iya kwanci ba, alhali guduwa ta yi da ranta. Ƙumar nan tana iya wata da watanni ba ta ci komai ba, don haka kwashe kaji daga akurki na mako biyu ba ya kashe ta da yunwa.

Kaskar kaji ta fi ta haƙuri. Faffaɗa ce, ita ma a tsaga take ɓuya, ko a ƙarƙashin ɓawon bishiyar da kaji ke hawa, kuma tana iya shekaru ba ta sha jini ba. 'Ya'yanta ne ke maƙalewa a ƙarƙashin fukafuki na wasu kwanaki, ku gan su ɗigo-ɗigo baƙi. Ban da jinin da take sha, tana sa wa kaza wani zazzaɓi mai zuwa da koren zawo da kasala, wanda sau da yawa ake ɗauka wani ciwon ne daban. Ƙwarƙwata ita ce mai zaman dindindin a jiki. Ku buɗe gashin kewayen dubura za ku gan ta tana gudu, da ƙwayayenta farare a dunƙule a gindin gashi. In ta rabu da kaza ba ta wuce 'yan kwanaki. Sai ƙumar fuska, wadda ke kafa baki a zanko da leɓe da kewayen ido ta zauna makonni, har ku ga fuskar ɗan tsako ta yi baƙi ƙirin. Ita kuma ƙwanta ƙasa yake zuba, a can 'ya'yan ke girma cikin shara da kashin kaji.

Kun ga ke nan, cikin huɗun nan guda ɗaya ce kawai ke gama rayuwarta a jikin kaza. Wanda ya shafe kajinsa da magani ya mayar da su tsohon ɗakinsu bai yi komai ba.

Na jikin, Allah Ya riga Ya koya wa kaza maganinsa, wato birgima a ƙasa. Garin ƙasa mai laushi yana shiga tsakanin gashi, ya goge maiƙon da ke lulluɓe da jikin ƙwaro, ƙwaron ya bushe ya mutu. Namu shi ne mu gyara mata wurin: tsohon kwano mai faɗi ko rami mara zurfi, a zuba yashi mai laushi da tokar itace da aka tankaɗe, a inda ruwa ba ya taɓawa. Na ce inda ruwa ba ya taɓawa ne saboda duk wadda ta taɓa tace ruwan toka ta san zafinsa a hannu. Jiƙaƙƙiyar toka tana cin fatar ƙafar kaza. Kada kuma a sa tokar da aka ƙona leda ko roba a cikinta. A 2012 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside a Amurka sun buga sakamakon gwajin da suka yi da akwatunan birgima. Sun haɗa yashi da farin yumɓu a wasu, da farar wuta a wasu, suka ga cikin mako ɗaya ƙuma da ƙwarƙwata sun ragu da kashi 80 zuwa 100 cikin ɗari a jikin kajin da suka yi birgimar. Farar wuta ce ta fi daɗewa tana aiki, har kajin da ba su shiga akwatin ba sun amfana. Farar wutar nan ita ce dai wadda ake kasawa a kasuwanninmu. A daka ta, a barbaɗa kaɗan a cikin yashin, kaɗan fa, domin tana yaji a ido. Kada a kuskura a ƙona ta a akurki da kaji a ciki, hayaƙinta guba ne.

Ƙumar fuska kuma maiƙo ke kashe ta. A lakaci man kaɗanya a shafe inda ta taru, a kiyayi ido, ta rasa numfashi ta mutu, bayan 'yan kwanaki ta zube. Haka ake yi wa kazar da ƙafarta ta yi kaushi, saɓar ta ɗaɗɗaga ta yi fari-fari. Wani ƙwaro ne da ido ba ya gani ke haƙa a ƙarƙashin saɓar. A jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi da sabulu, a tsane, a cusa man kaɗanya har ya shiga ƙarƙashi, a riƙa maimaitawa bayan kwana biyu ko uku har wasu makonni. Kada a ɓamɓare, jini zai fito.

Na bango shi ne babban aiki, kuma shi ne aka fi gudu. A fitar da kaji da safe, a share akurki tas, a ƙone sharar da tsohon ƙaiƙayin gurbi nesa da gida. A kwarara tafasasshen ruwa a kowace tsaga. Sandunan kwana a fito da su a babbaka su sama-sama a wuta. In ya bushe a yi sabon yaɓe a toshe tsagogin, domin akurkin laka mai santsin ciki ba ya ba ƙuma masauki. A nan ne darbejiya ke shigowa, ko dogon yaro, ko maina, ko bedi, kowa da yadda ake ce mata a garinsu. Baƙuwa ce daga ƙasar Indiya, a zamanin Turawa aka kawo ta, yau ga ta a kowane lungu 'ya'yanta na zuba muna sharewa, mun zama kazar da ta kwana a kan dami. Sinadarin da ke cikinta yana hana ƙwaro ci, yana hana shi saɓa, in kuwa bai yi saɓa ba ba ya girma. A ganye akwai shi kaɗan, a ƙwallo ya fi yawa nesa ba kusa ba. An gwada ruwan ƙwallon darbejiya a ɗakunan kaji a Masar da Jamus, ya rage jar ƙuma ƙwarai. Ma'aunin da malaman gona ke bayarwa don feshin amfanin gona shi ne gram 50 na dakakken cikin ƙwallo a lita ɗaya ta ruwa, kuma ya isa a nan. A jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle, a ɗan sa sabulu don ya kama bango, a yayyafa da tsintsiya in babu abin feshi. A yi da yamma, saboda rana tana kashe ƙarfinsa. Ba ya kisa nan take, kuma ƙwan da ke cikin tsaga zai ƙyanƙyashe daga baya, don haka sai an sake bayan mako ɗaya, an kuma sakewa. Busasshen ganyen kuma a shimfiɗa a ƙarƙashin kaza mai kwanci tare da ɗan toka.

Akwai abubuwan da suka shigo mana suna zaune a layin maganin gida alhali ba su da gado a ciki. Kananzir da baƙin mai suna ƙona fata, ɗan tsako kuma ba ya ɗauka. Fiya-fiya na kashe ƙuma, tana kuma kashe kazar, ta shiga ƙwan da yaranku za su ci. Ganyen taba ma, ko da yake tsiro ne kuma an daɗe ana amfani da shi, gubarsa tana ratsa fata. In za a sa, a gindin gurbi, ba a jiƙa a yi wa kaza wanka da shi ba.

Tsutsar ciki ba zan daɗe a kanta ba. Duk wanda ya yanka kazar gida, ya ɗauki reza ya tsaga hanjin a tsaye kafin ya yar. Na sha yin haka a gaban masu kaji, sai ka ga farare dogaye, wata ta kai tsawon yatsa har ta wuce, sun cunkushe hanji. Ƙwansu yana fita a kashi, ya nuna a ƙasa mai laima cikin kamar mako biyu, wata kazar ta tsince shi. Masu faɗi kuma, masu gaɓa-gaɓa, ta cikin tururuwa da buzuzu da ƙuda suke shiga. Kazar da ke kiwo a sake ba za ta taɓa rabuwa da tsutsa ɗungum ba, babba ma tana jure kaɗan. 'Yan ƙasa da wata uku su take tsugunarwa.

'Ya'yan gwanda da ƙaron ɗanyar gwanda suna da abin da ke illata tsutsa, gwaje-gwaje sun nuna suna rage ta. A shanya 'ya'yan, a daka, a riƙa barbaɗa kaɗan a dusa na 'yan kwanaki. Ragewa fa na ce. Ƙarfin tsiro yana bambanta daga bishiya zuwa bishiya, daga damina zuwa rani, ba kamar ƙwayar da aka auna ba. In tsutsa ta riga ta yi yawa, kaza ta rame ƙashin ƙirji ya fito, a nemi maganin tsutsa wajen malamin dabbobi, ba shi da tsada. Abin da ya fi gwandar aiki shi ne tsintsiya da rana: ƙwan tsutsa ba ya jure bushewa da zafin rana, yana son inuwa da laima, irin gindin randa da bakin magudanar wanke-wanke. A daina watsa wa 'yan tsaki tsaki a wuri ɗaya kullum a kan kashinsu.

Akwai wata tsutsar da ba a hanji take ba, a maƙogwaro. Ja ce, mace da namiji manne da juna kamar reshe mai baki biyu, kuma ta cikin tana da dodon koɗi takan shiga, shi ya sa ta fi yawa da damina. Ɗan tsako ya riƙa miƙa wuya yana wage baki yana girgiza kai, a ce mura ce, a yi ta ba shi tafarnuwa. Maganin tsutsa yake so.

Wannan ya kawo mu ga numfashi. Ƙirjin kaza ba irin namu ba ne. Huhunta ƙanana ne, manne da haƙarƙari, ba sa kumbura su saki. Jakunkunan iska guda tara ne ke tura iska ta ratsa huhun, wasunsu har cikin ƙashi suke kaiwa. Saboda haka abin da kaza ta shaƙa yana nisa a jikinta. Kuma da motsin ƙashin ƙirji take numfashi, shi ya sa yaro kan riƙe ɗan tsako da ƙauna ya matse shi ya mutu a hannunsa.

To, me muke ba ta ta shaƙa? Hunturu na shigowa sai mu toshe akurki ruf, da kasko da tsumma, don tausayi. Kaji goma sha su kwana a ɗan wuri a kan kashin wata guda. Kashin nan yana fitar da iskar amoniya, ita ce zarnin da ke bugun ku in kun buɗe da safe. A cikin maƙogwaron kaza akwai wasu 'yan gashi da ido ba ya gani, aikinsu share ƙura da ƙwayoyin cuta su turo su waje. Amoniya tana kashe musu aiki. Masu manyan gonaki ba sa yarda ta wuce kashi 25 cikin miliyan a iskar ɗaki. Ku ba ku da na'urar awo, amma kuna da ido: da asuba ku durƙusa ku sa kai a ƙofar akurki daidai tsayin kaza. In idonku ya yi yaji, haka ta kwana. Babbar kaza zafin jikinta ya kai digiri 41, ga ta da rigar gashi, sanyin ƙasar nan ba ya kashe ta. Iska mai kaɗa ta kai tsaye da gurɓatacciyar iska su ke kayar da ita. A huda 'yan kafofi can sama kusa da rufi, ta kudu ko ta yamma, tunda iskar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa, a sa raga saboda maciji da ɓera. A riƙa kwashe kashin, a barbaɗa busasshiyar toka ko yashi a daɓen. Masu ɗumama 'yan tsaki da kaskon gawayi su bar kafa, garwashi a rufaffen ɗaki yana kashe mutum ma balle tsako.

Sai funfuna. Dusar da ta jiƙa ta dunƙule, tunkuzar da ta yi kore, ƙaiƙayin da ya sha ruwa, duk ba na kaza ba ne. Ƙurar funfuna tana tsira a cikin jakunkunan iskar nan, kuma ba ta da magani. Wata funfunar kuma guba take zubawa a gyaɗa da masara mai lalata hanta. A 1960 ta kashe talo-talo wajen 100,000 a Ingila ta hanyar tunkuzar gyaɗa, daga nan ne ma aka gano ta. Mu kuwa hatsin da ya lalace shi muke cewa a ba kaji.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne ganye. Gero da dawa da farar masara kusan ba su da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, kuma shi ke riƙe lafiyar fatar cikin hanci da maƙogwaro da ido. Da damina kaza na samunsa a ciyawa. Da rani tsakar gida ƙasa ce zalla. Sai ku ga ido na ruwa, wani farin abu kamar cuku ya taru a ciki, hanci na majina, ba tare da wata cuta ta kama ta ba. In kuma cutar ta zo, ta tarar da ƙofa a buɗe. A ganina babu maganin gidan da ya kai zogale amfani ga numfashin kaza, kuma a matsayin abinci yake wannan aikin. A shanya shi a inuwa, a murtsuke a dusa. Rama da alayyahu da ɓawon kabewa da jar masara duk suna yi, haka ɗigon manja.

Na san kuna jira in zo kan tafarnuwa da citta da barkono da lemun tsami. Tafarnuwa tana da sinadarin da ke kashe bakteriya a kwanon gwaji, yana fitowa ne in an daka ta, kuma ba ya daɗewa, don haka ruwan jiya ba shi da amfani yau. A jikin kaza aikinta bai kai na kwanon gwaji ba, amma ƙwaya ɗaya a ruwan yini ba ta cutarwa, tana kuma iya taimaka wa mai ƙaramar mura. In ta yi yawa za ku ji ta a ƙwai. Barkono kuwa, ku sani tsuntsu ba ya jin yajinsa sam, haka aka halicce shi, saboda haka masu cewa yajin ne ke buɗe mata maƙogwaro, kansu suke kwatantawa. Abin da nake roƙo shi ne duk jiƙon da za ku ba su, musamman masu ɗaci irin maɗaci da shuwaka, ku ajiye ruwa zalla a gefe. Kaza mai zazzaɓi in ta ɗanɗana ɗaci ta ƙi sha, ƙishirwa za ta riga ciwon kashe ta.

Murar da ke kumbura fuska, ido ya liƙe, hanci ya yi wari, bakteriya ce, kuma ta kaskon ruwa take yaɗuwa. Ba ta cika kisa ba in an yi jinya. A ware mai ciwon, a wanke mata ido da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a dama mata dusa da laushi a kai mata har baki tunda ba ta gani. Amma wadda ta warke takan ci gaba da ɗauke da cutar tana rabawa. Haka mai tsohon tarin nan da ake jin ƙirjinta na kurkur da dare, ita har ta cikin ƙwai take ba 'ya'yanta, don haka kada a sa ƙwanta a kwanci. Irin waɗannan tukunya ta fi dacewa da su. In za a yi amfani da maganin asibiti, malamin dabbobi ya auna, ya kuma faɗi kwanakin da za a ƙaurace wa ƙwai da nama. Ɓare kafso ja da rawaya a zuba a ruwa da ka, yau a ba su gobe a fasa, koya wa cuta jure magani ne, kuma maganin nan shi ne dai wanda za a rubuta wa ɗanku ran da ya kwanta.

Yanzu ga wadda na ce zan zo kanta. Fakat, wadda likitoci ke kira Niyukasal. Kun san ta: gyangyaɗi, fukafukai a sake suna jan ƙasa, koren zawo, haki, wuya ya murɗe kaza ta riƙa kallon sama tana juyi. A 1926 aka fara gane ta, a tsibirin Jaba na Indunusiya da garin Niyukasal na Ingila, a Nijeriya kuma aka tabbatar da ita a kewayen Ibadan a farkon shekarun 1950. Bairos ce, saboda haka ko kafson asibiti ba ya taɓa ta. Mai zafinta in ta shiga garken da ba a yi wa rigakafi ba tana iya tafiya da kusan duka. Malaman likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun bi ƙauyuka sun rubuta abin da ake ba kaji dominta, ɓawon maɗaci da gautan kaji da barkono da sauransu. Har yau babu ɗaya da aka tabbatar yana warkar da kazar da fakat ta kama.

Na san akwai wadda ke cewa a ranta, "Ai ni na ba su maɗaci, uku sun tashi." Ban ƙaryata ki ba, Hajiya, sun tashi. Amma ki tuna waɗanne ne suka tashi. Galibi tsofaffin ne, waɗanda suka ga annobar bara suka tsira, jikinsu ya riga ya san ta. Maƙwabciyarki da ba ta ba nata komai ba, ita ma da wuya a ce ba ta tsira da biyu ko uku ba. Kuma cutar tana da mai zafi da mai sauƙi, shekarar da mai sauƙin ta zo, duk abin da aka jiƙa sai ya yi suna.

Abin da ke tare ta ɗigo ne a ido. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa, wadda ke Vom a Jihar Filato tun 1924, tana yin rigakafin fakat iri-iri. A cikinsu akwai wanda ake kira I-2, wanda aka samar a Jami'ar Kwinsland ta Ostireliya musamman saboda kajin ƙauye, domin ya fi sauran jure zafi. Jurewar tana da iyaka: a ajiye shi a firji, in za a tafi da shi ƙauye a naɗe kwalbar a jiƙaƙƙen ƙyalle a sa a kwando mai shan iska, kada rana ta taɓa shi. Ɗigo ɗaya a ido ɗaya, daga ɗan tsakon jiya har tsohon zakara, duk wata huɗu. Kariyar tana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ta kankama, shi ya sa ba a jira sai an ji ciwo ya shigo unguwa, kuma ba a ɗiga wa wadda ta riga ta kamu. Ba ya hana cin ƙwai ko nama ko a ranar.

Da ƙafarmu muke kawo fakat gida. Tana iya kwana 2 zuwa 15 a jikin kaza ba alama, don haka zakaran da aka sayo a kasuwa yana cara garau, ko kazar da aka ba amarya, na iya zama ajalin garke. Duk baƙuwar kaza a ɗaure ta a wani lungu daban mako biyu, da kaskonta daban. Agwagi kan ɗauke ta ba su nuna ba. Sannan ga al'adarmu: ciwo na farawa sai a kwashi sauran a ruga kasuwa kafin su mutu, waɗanda suka jigata a yanka, a watsar da gashi da kayan ciki da ruwan wanki a bayan gida, kare ya ja, kajin maƙwabta su tona. Na san talauci ke sa haka. Amma aƙalla a haƙa rami a binne.

Dalilin binnewar ya wuce fakat. Ita ba ta yi wa mutum komai in ban da ɗan jan ido. Murar tsuntsaye kuwa tana kama mutum, kuma ko likita ba ya raba su da ido sai an kai ɗakin gwaji. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ita a Jaji ta Jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, a cikin watan kuma ta ɓulla a Magarya ta Nijar. A farkon 2007 ta kashe mutum a Legas, ta kuma dawo Kano da Legas a 2015. Idan kaji suna faɗuwa farat ɗaya da yawa, zanko ya yi shuɗi, fuska ta kumbura, ƙafa ta yi jirwayen jini, kada a yanka, kada yara su taɓa, kada a tsaya jiƙa komai. A sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma.

Saura yadda za a yi da kwalbar rigakafin, tunda guda ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, kuma in an haɗa ta da ruwa a ranar ake so a ƙarar. Shawarata ita ce ƙungiyoyin matan da ke nan su ɗauki abin a unguwa-unguwa, yadda kuke adashi. A sa rana, kowa ta bar kajinta a rufe tun dare, a tara kuɗin kwalba, malamin dabbobi ya koya wa mutum biyu ko uku yadda ake haɗawa da yadda ake riƙe kai a ɗiga. A fara da sassafe kafin rana ta yi zafi. Zagayen farko ya kasance a watan Oktoba, kafin hunturu ya kankama, na biyu a Fabrairu, na uku a Yuni. Masu kwana a bishiya a kama su tun daren, don su ne kullum ake tsallakewa.

Shugaban taro, a nan zan dasa aya, in akwai tambaya ina saurare.